Tankar Yaƙi a Tafin Hannu: Inda Harkar Ta Faro da Yadda Ta Iso Keffi

Mu masu haɗa ƙananan motocin yaƙi a Keffi ba mu da yawa, kuma jama'a wasan yara suke ɗaukar abin. Kwali ake saya, cikinsa gutsattsarin roba ɗari biyu ko uku a manne jikin firam. A yanko su ɗaya bayan ɗaya, a goge, a manna, a yi fenti, har tanka ta tashi tamkar ta gaske, sai dai an rage girmanta sau 35 ko sau 72. In ta tashi sai a gina mata muhalli: hanya, rami, katangar da ta zube, soja biyu ko uku suna wani aiki a gefe. Wannan muhallin shi ne diyorama, kuma a wajenmu nan ne aikin yake. Tambayar da sababbin shiga suka fi yi mini ita ce wane kwali za su fara saya. Ba na ba su amsa a tsaitsaye, domin kayan da ke jere a wajen masu sayarwa yau tarihi ne ya jera su haka. Wanda bai san tarihin ba, abin da aka tura masa zai saya, ya bar abin da yake bukata.

Mu nan ba da kwali muka fara ba, da kara muka fara. In kaka ta yi an girbe dawa, sai yara su kwaso kara, a samu reza a siyaye ɓawon ya zama siraran tsinkaye, laushin ciki kuma a yanka shi guntu-guntu. Tsinken shi ne ƙusa, laushin shi ne katako. Da su ake tada bodi, a fitar da ƙofa mai buɗewa, a yi wa direba kujera. Taya kuwa daga tsohon silifa ake yanko ta, a ɗora bakin gwangwanin tumatir a murza har ya huda. Wanda ya ƙware sai ya koma motar langa-langa ko ta gwangwanin madara, mai dogon sitiyari da ake tuƙawa a tsaye. Keffi mahaɗar hanyoyi ce, ga ta Abuja, ga ta Akwanga mai zarcewa Jos da Lafiya, ga ta Nasarawa, saboda haka babu irin motar da ba ta ratsa idon yaro. Alƙalancin tsakanin yara kuwa mai tsanani ne. In ka ce Marsandi 911 ka ƙera alhali hancinta bai fito ba, ba wanda zai raga maka. Ba mu san wani abu wai ma'auni ba, amma ido ya san cewa in taya ta yi wa bodi girma, mota ta ɓaci. Daga baya na fahimci cewa abin da Turawan harkar ke ɗauka matakin ƙwararru, wato mutum ya ƙera sashen da babu shi a kwali da hannunsa, shi ne matakin da muka fara takawa tun ba mu shiga aji uku ba.

Kwalin roba a Ingila aka haife shi. A 1936 kamfanin FROG ya fara sayar da ƙananan jiragen sama na roba da mutum zai haɗa da kansa, a ma'aunin 1/72. Amma wanda ya shigar da abin gidajen talakawa shi ne Airfix, kamfanin da wani ɗan Hangari, Nicholas Kove, ya kafa a Landan a 1939. Sana'arsa ta farko ba ta da alaƙa da yaƙi, har matajin kai na roba ya yi ta bugawa. A 1949 aka ba shi aikin ƙaramar taraktar Ferguson don talla, daga nan aka ga cewa sayar da ita a warwatse ya fi araha, mai saye ya haɗa abinsa. Jirgin ruwan Golden Hind ya biyo baya a 1952, sannan jirgin Spitfire, ana sayar da su cikin leda a kantunan Woolworths a kan sule biyu. Tankoki sun zo a 1961, Sherman da Churchill da Panther, a ma'aunin 1/76. Dalilin wannan lamba kuwa shi ne ta dace da ƙananan jiragen ƙasa na wasa da Ingilishi suka riga suka cika gidajensu da su. Masu sayen na farko 'ya'yan waɗanda suka yi Yaƙin Duniya na Biyu ne, abin da ubanninsu suka hau ko suka yaƙa shi suke son riƙewa a hannu. Tun daga ranar aka ɗaura wa harkar aure da wancan yaƙi, kuma har yau ba a rabu ba.

Ma'aunin da ya mamaye duniya, 1/35, daga Japan ya fito. Yoshio Tamiya ya kafa kamfaninsa a Shizuoka a 1946 a matsayin injin tsaga katako, ya riƙa yin ƙananan jirage na itace, roba ta zo ta kashe kasuwar itace, dole ya koma roba a wajajen 1960. Ɗansa Shunsaku ne ya jagoranci fitar da tankar Panther mai injin lantarki a farkon shekarun 1960. An auna cikinta ne yadda zai ɗauki batura biyu da injin, da aka lissafa sai girman ya faɗa kan kashi ɗaya cikin 35. Ba wani nazarin masana ba ne, batir ne ya yanke hukunci, kuma a kan wannan hukunci dubban kwalaye suke fitowa har gobe. Abin da ya ɗaga Tamiya sama da saura shi ne naci. Shunsaku da ma'aikatansa sun riƙa zuwa gidajen tarihi irin na Aberdeen a Amurka da Bovington a Ingila da tef da kyamara, suna shiga ƙarƙashin tankoki suna aunawa. A 1968 suka buɗe jerin Military Miniature da 'yan sojojin tanka na Jamus, daga nan ƙananan motoci, igwa, jarkoki, buhunan yashi, duk a ma'auni guda. Da zarar mota da mutum da jarka suka zo a girma ɗaya, an buɗe ƙofar ba da labari.

Shi kansa diyorama ya girmi roba nesa ba kusa ba. Louis Daguerre, wanda daga baya ya yi suna wajen ƙirƙirar ɗaukar hoto, shi ya buɗe wani gidan kallo da wannan suna a Faris a 1822, manyan zane-zane da ake wasa da haske a kansu. Gidajen tarihi suka ɗauki dabarar, sojoji ma suna da tasu, teburin yashi da ake tsara tudu da kwari a kai kafin a fita atisaye. Wanda ya kawo ta teburin mai haɗa kwali shi ne Ba'amurke Sheperd Paine. A farkon shekarun 1970 kamfanin Monogram ya riƙa saka takardar hotunan aikinsa da bayanin yadda ya yi a cikin kwalayensa, a 1980 kuma ya fitar da littafi kan gina diyorama wanda har yanzu ake koyo da shi. Abin da na ɗauka daga gare shi guda ne, kuma ya ishe ni: mai kallo ya gane abin da ke faruwa ba tare da an yi masa bayani ba. A Beljiyam kuma François Verlinden, daga garin Lier, ya yaɗa salon shafa busasshen buroshi a gefunan mota don su fito, ya kuma buɗe kasuwar kayan ƙari na rezin. Shekarun 1980 duk tankar da ka gani a mujalla kamannin aikinsa take ɗauke da shi.

Kwalayen sun shigo Najeriya ne ta manyan kantunan Turawa irin su Kingsway da Leventis a Legas da Kaduna da Kano, da kuma jakar waɗanda suka je karatu ko kwas Ingila. Magabatanmu a harkar, yawancinsu 'ya'yan ma'aikata da 'yan bariki, suna ba da labarin Airfix da Matchbox na zamanin da naira ta fi dala. Kwalayen Matchbox na 1/76 ma da ɗan filinsu suke zuwa, guntun titi ko rusasshen gini, saboda haka da yawa diyoramarsu ta farko daga nan ta fito. Yaron Keffi kuwa sai dai ya gani a hannun wani ɗan kwana a Kwalejin Gwamnati da ya dawo hutu daga birni. Sai 1986 ta zo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta karye, manyan kantuna suka yi ta rufe rassa, kwali ya ɓace daga kasuwa. An yi shekaru masu yawa sai dai mutum ya ci karo da ɗaya a cikin dilar kayan wasan gwanjo, wani lokaci an fara haɗa shi an watsar, wani lokaci babu takardar bayani. A wannan tsakanin masu riƙe da sana'ar rage girman abu su ne ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da na kwalejojin kimiyya, da kwali mai kauri da gam da wuƙar yanka. A wajensu da yawanmu muka koyi karanta ma'auni a kan rula.

Lokacin da muke cikin wannan fari, harkar ta sake fata a waje. Kamfanin Dragon ya tashi a Hong Kong a 1987, ya riƙa zuba sassa har sarƙar tanka ta koma ƙwaya-ƙwaya, kowace sai an manna ta. Academy a Koriya ta Kudu, AFV Club a Taiwan, Zvezda a Rasha, MiniArt a Yukren, sannan ambaliyar kamfanonin Sin: Trumpeter, Meng, Takom. A fenti kuma 'yan Sifen suka karɓi tuta a shekarun 2000, Miguel Jiménez ne fitaccensu, da salon tsatsa da ɓarewar fenti da zirin ruwan sama a jikin ƙarfe. Da intanet ta wadata, muka farka muka tarar an yi mana nisa, amma kuma ga darasi kyauta a YouTube, ga hanyar oda. Kusancinmu da Abuja, tafiyar da ba ta fi kilomita 50 da 'yan kai ba, shi ya sa saƙo yake iso mu. Sai dai tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga 460 da wani abu ta haura 1,500 a farkon 2024, kwali guda ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu. Wannan ya sa zaɓe ya zama wajibi. Bature yana iya tara kwali hamsin a kabad bai taɓa ko ɗaya ba. Mu ɗaya za mu saya, dole ya zama wanda za a gama.

To, me ke kan kanta? Jamus, Jamus, sai kuma Jamus. Tankar Tiger ta farko ba a ƙera ko 1,400 ba, amma kusan babu babban kamfanin da bai fitar da ita ba, wasu sau da yawa, na farkon ƙira daban, na tsakiya daban, na ƙarshe daban. Ban raina aikin ba, kuma na san dalilinsa, can kasuwar take. Abin da ke damuna shi ne in ga matashi a Angwan Lambu ko Tudun Kofa ya kashe kuɗin da ya daɗe yana tarawa a kan Tiger, ya zauna yana fama da garin soda don ya kwaikwayi dusar ƙanƙarar Rasha, abin da bai taɓa takawa ba, daga hoton aikin wani wanda shi ma daga hoton wani ya kwafa. Komai ƙoƙarinsa, kwafin kwafi ne. Alhali a ƙofar gidansa akwai jar ƙasar da ya san yadda take kama taya da damina, ya san yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a kan gilashi, ya san kalar ciyawa a watan Janairu. Wannan sani babu Bajamushe ko Bajapanen da zai fi shi, kuma shi ne rabin diyorama.

Motocin da za a ɗora a kan wannan ƙasa kuwa muna da su, tarihinsu ma ya isa a cika ɗaki. Rundunar sojan Najeriya ta fara da Ferret, ƙaramar motar leƙen asiri mai taya huɗu da mutum biyu, ƙirar Daimler, da kuma Saladin ta kamfanin Alvis, mai taya shida da igwa mai bakin milimita 76. Su ne suka yi yaƙin basasa daga 6 ga Yulin 1967 zuwa 15 ga Janairun 1970, su suka shiga Nsukka da Enugu a gaban Runduna ta Ɗaya. A ɗaya ɓangaren, Biyafara da aka toshe wa hanyar makamai ta riƙa lulluɓe tsofaffin motoci da faranten ƙarfe, waɗanda ake kira Red Devils, kuma ana iya ganinsu har yau a Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia. Akwai Panhard AML ta Faransa, mai igwar milimita 90 a kan ɗan jiki, wadda sojojin Nijar da na Chadi ma suka daɗe suna hawa. Bayan yaƙi Fox da Scorpion suka shigo, sannan manyan tankoki, T-55 ta Tarayyar Sobiyat da Vickers Mk 3 ta Ingila a farkon shekarun 1980. Bauchi ta zama gidan horon masu sulke. Duk wanda ya yi wayo a zamanin juyin mulki ya san abin da ake nufi in aka wayi gari da motar sulke a ƙofar gidan rediyo. Sojojinmu sun sauka Monrovia a watan Agustan 1990 a ƙarƙashin rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG da fararen hulunan kwano, sun kori gwamnatin soja daga Freetown a Fabrairun 1998. T-72 ta zo a 2014 zuwa 2015, lokacin da aka ƙwato Bama da Gwoza a watan Maris na 2015, VT-4 ta Sin kuma ta sauka Legas a 2020. Ga kuma na gida: Igirigi da aka ƙaddamar a 2012, da Ezugwu da aka nuna a Kaduna a Disamban 2019, aikin da hukumar ƙera makamai ta DICON ke ciki.

Abin farin ciki, yawancin waɗannan yanzu akwai su a kwali, ko da yake ba don mu aka yi su ba. Airfix ya fitar da Ferret a 1/35 a 2023. Dragon yana da Saladin, Takom yana da AML-90 da AML-60, AFV Club yana da Scorpion. T-55 kuwa sai wadda ka zaɓa: ta Tamiya ta 2002 mai sauƙin haɗi, ko ta MiniArt mai cikakken ciki da sassa sama da dubu. Meng ya fara kasuwanci ne a 2011 da a-kori-kura mai bindigar kakkaɓo jirgi a baya, irin motar da ta yi suna tun yaƙin Chadi da Libiya na 1987, kuma duk wanda ke son nuna arewa maso gabas ko yankin Sahel ba shi da makawa sai da ita. Sitikar da ke cikin kwalayen ta sojojin wasu ƙasashe ce, saboda haka lamba da tambari namu da hannu ake zana su da siririn buroshi. Igirigi da Ezugwu kuwa babu babban kamfanin da ya waiwaye su. Nan ne tarbiyyar motar kara ke biyan bashinta: faranten roba, rula, wuƙa, tayoyin da aka aro daga wani kwali, da hotuna ta kowace fuska. Jikinsu duk shafaffen ƙarfe ne mai kusurwa, ya fi tanka mai zubabben kai sauƙin ƙerawa.

Ga yadda nake ba da shawara. Labari ake fara zaɓa, sannan fili, sannan mota. In labarin mutum uku ne suna canza tayar Ferret a gefen hanya, 1/35 ya dace, domin soja a wannan ma'auni tsawonsa santimita 5 ne, ana ganin fuskarsa da hannunsa, ita kuma Ferret ba ta wuce santimita 11 ba, faifai kamar faɗin littafin rubutu ya ishe su. In labarin jerin gwano ne a kan gada, to 1/72, inda gangar jikin T-55 ba ta wuce santimita 9 ba, kuma kuɗin kwali da na aiko shi sun fi sauƙi ƙwarai. Kada a gauraya 1/72 da 1/76 a fili ɗaya in ana iya kaucewa, bambancin kaɗan ne a takarda amma ido yana kama shi. Mai farawa ya nisanci kwali mai cikakken ciki. In za a rufe ƙofofin tanka a binne rabin sarƙarta a laka, kuɗin injin da ba wanda zai gani asara ne, kuma yawan sassa shi ke kashe zuciya a bar aiki a rabi. Mota mai taya ta fi mai sarƙa sauƙi, kuma dama tarihinmu na farko na masu taya ne.

Sai yanayin gari, wanda babu littafin Turawa da zai faɗa maka. Kwalin da aka bari a mota ko a ƙarƙashin rufin kwano a zafin Maris da Afrilu, siraran sassansa lanƙwashewa suke yi. Sarƙar roba mai laushi irin ta tsofaffin kwalaye takan bushe ta tsattsage bayan 'yan shekaru, shi ya sa na fi son mai tauri ko da ta fi cin lokaci. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, a yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin fenti, a kife roba a kan aikin da zarar an gama. Da damina kuma laima takan sa fanis na feshi ya yi fari-fari a jikin mota, gara a jira rana ta buɗe. Gam da fentin kamfani sau da yawa ba a yarda a ɗauko su a jirgin sama saboda suna kama wuta, saboda haka muka koma kan abin da ke kusa. Tina ta masu fentin mota tana narka roba ta haɗe ta in an ɗiga kaɗan da bakin buroshi, amma a waje ko bakin taga, domin warinta na cutarwa. Abin yanke farce da abin goge shi na masu kwalliya suna aikin yanka da gogewa. Fentin masu zane da allin kala da aka kankare ya zama gari suna ba da tsatsa da ƙura.

Filin kansa shi ne wurin da na fi jin daɗin zama. Ana ɗebo jar ƙasa daga gefen hanya, a soya ta a tsohon kasko har ta yi zafi sosai, don ƙwan ƙwari da irin ciyawa su mutu, in ba haka ba wata rana za ka ga abu yana motsi a cikin gilashi. A tankaɗe ta da rariya, a sake tankaɗewa da tsohon ɗankwali. Dalilin wannan wahala lissafi ne: ƙwayar yashi mai milimita 1, a ma'aunin 1/35 dutse ce mai santimita uku da rabi, hanyar da aka zuba wa irinta kuwa babu motar da za ta bi. Tudu da kwari da farin soson da ake naɗo firji a ciki ake sassaƙa su, a shafe da filastar silin, a kwaɓa ƙasar da farin gam na kafintoci da ruwa a shimfiɗa. Tun tana da danshi ake danna motar a kai, a ja ta baya kaɗan ta bar sawu, domin mota mai tan goma sha ɗaya irin Saladin nutsewa take yi a ƙasa, ba ta tsayawa a kan fatarta. Gam yana duhunta kalar ƙasa, sai bayan ta bushe a bi ta da gari mai haske, a kuma shafa wannan garin a ƙasan motar don su zama ƙasa ɗaya. Ciyawa daga zaren igiyar rama, itace daga saiwar ƙananan tsirrai da aka kifa, ganye daga busasshen zogale da aka murje. Kwanon rufi kuma takardar alminiyam ce da aka danna a kan jerin tsinken sakace. Katakon ƙasa a shafe shi da fanis ciki da baya saboda gara, murfin gilashi kuma masu haɗa tagar alminiyam suna yanka shi daidai awo.

Mutane su ne babbar matsalarmu. Kusan duk 'yan sojan da ke kwali fuskar Turawa gare su, kuma baƙin fenti kaɗai ba ya mai da Bajamushe Bagobiri ko Ba'egone. Wasu ƙananan kamfanonin rezin a Turai suna sayar da kawunan 'yan Afirka, ana yanke na asali a dasa su, sauran kuma gyaran hula da ɗamara ne da ƙullin gam mai daskarewa. Wannan ƙarancin ne ya hana ni har yanzu aikin da na fi buri, wanda ko mota babu a ciki: ranar da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Bature Kyaftin Moloney a nan Keffi a watan Oktoban 1902, ya hau doki ya nufi Kano, abin da Turawa suka riƙe cikin hujjojin kai wa Kano yaƙi a 1903. Doki da mahayi da lifidi, duk sai an sassaƙa.

Akwai kuma ladabin da na ga ya wajaba a kanmu fiye da Bature mai haɗa yaƙin da ya wuce shekara 80. Namu yaƙe-yaƙen ba su huce ba. Akwai tsofaffin da suka yi basasa suna raye, akwai matan da mazajensu suka tafi Borno daga barikin Shitu Alao na Bataliya ta 177 da sauran barikoki ba su dawo ba. Ba na gina gawa, ba na zuba jan fenti. Abin da ya fi yawa a rayuwar soja ma ba harbi ba ne: jira ne, gyaran inji, dafa shayi a bayan mota, salla a kan kwali a inuwar tanka, yara masu tallan gyaɗa a shingen bincike. Waɗannan su ne hotunan da tsohon soja zai tsaya a kansu ya ce haka abin yake, ya kuma gyara maka inda jarkar ruwa take ratayuwa, abin da ba ya cikin kowace takardar bayani. Kuma kada son daidaito ya kai wani ga ɗaga waya yana ɗaukar motar soja a ƙofar bariki ko a shinge. Ba a yi, kuma yana iya jawo wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Hotunan jaridu da na faretin ranar sojoji sun wadatar a kan motocin zamani.

Na dā ne suke wahala, kuma nan nake da roƙo. Hotunan motocin sulkenmu na shekarun 1960 zuwa 1990 ba su da yawa a intanet, waɗanda ke akwai ma yawanci baƙi da fari ne daga 'yan jaridar waje. Amma suna nan a gidaje, cikin akwatunan ƙarfe da tsofaffin albam, baba yana jingine da Saladin a Kaduna, kawu yana kan Scorpion a Laberiya, lambar motar da tambarin rundunar sun fito ɓaro-ɓaro. Gara da laima suna cinye su, masu iya faɗin wuri da shekara kuma suna ƙarewa. Duk wanda ke da irin wannan hoto a gidansu, ya ɗauke shi da waya tun yau, ya zauna da mai hoton ya tambaye shi kalar motar, da garin, da shekarar, ya rubuta a baya. Kai kuma da ke shirin sayen kwalinka na farko, nemi Ferret ko AML, ka ɗebo ƙasar bayan gidanku ka fara da ita.